Takardar Famfon Korahane, Ni Na Nemo Ta da Hannuna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Habsatu, mai sunan mahaifiyata, wadda bakina bai iya kira da komai ba sai Uwata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya a gidan gwaggonki nan Maradi, ke da ita da mai gidanta da yara duka. Allah Ya tsare ku daga sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani, Ya sa kwanakin da suka rage miki kafin tafiya su zo da alheri. Mu nan Dakoro lafiya lau muke. Labarin gida kuwa innarki ta riga ta ba ki shi a salula har da ƙari, saboda haka ba zan ɓata tawada a kansa ba.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne maganar da kika yi da innarki shekaranjiya. Kin ce mata kada ta gaya mini. Ta kuwa riƙe amana daga azahar har la'asar, wanda a wurinta ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Ta ce kin ce motar Yamai ta ranar Asabar za ta tafi ba da ke ba. Wai za ki dawo Dakoro, ki bar gurbin da kika samu a lakwal, makarantar nan ta koyon aikin lantarki, don Baba ba zai iya nemo takardun injuna a intanet shi kaɗai ba, kuma in bai iya ba aikinsa ya tsaya. Uwata, da na ji haka sai da na ajiye kwanon tuwo. Na ji daɗi cewa ina da ɗiya mai tausayina, na kuma ji kunya irin wadda na daɗe ban ji ba. Ban kira ki a salula ba don na san ki, kafin in kai ƙarshen magana ɗaya kin kawo hujja uku. A takarda kuwa dole ki saurare ni har in gama.

Bari in fara da laifina na farko, wanda shi ya haifi sauran. Kin san na yi shekaru ina gyaran famfon hannu da injin ɗin foraj, wato rijiyar burtsatse, da kunne kawai. In na tsaya kusa da inji na ji yadda yake tari, na san abin da ke damunsa. Sai ga famfuna masu aiki da hasken rana sun zo, kowanne da akwatinsa manne a jikin ƙarfe, ba ya tari, ba ya hayaƙi, sai dai ya ƙyafta jar fitila ya nuna maka lamba, ya bar ka tsaye. Kunnena ya zama ba shi da aiki. A lokacin ne kina lise, babbar sakandare, kika gano wurin nan na intanet inda aka tara littattafan injuna iri-iri, wanda ni na sa wa suna rumbun takardu. Kika nuna mini, kika ce, “Baba, zo in koya maka.” Ni kuwa na ce miki aikin yara ne, ke ki nemo, ni in ɗaure. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Faransancina na bakin gareji ne, lakwal ma aji huɗu na yi na gudu, kuma ban so ɗiyata ta ga babanta yana laluben haruffa. Sai na mayar da ke idona, na zauna ina jin daɗi, har ga shi yau kina shirin yar da karatunki saboda ragwancina. Shawarata ta farko ke nan: duk abin da kika ga kina kauce masa kina cewa ba ajinki ba ne, ki tsaya ki duba ko tsoronsa kike ji.

Abin da ba ki sani ba shi ne, duk lokacin da kika juya baya nakan ɗauki salula in gwada a ɓoye. Na sha kashi ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Yau zan zazzage miki su, ki yi dariya ki more.

Na farko, famfon Adjekoria. Kin san mutanenmu ba sa barin inji ba suna. Wannan famfon, saboda yadda bututunsa ke tsalle in ruwa ya taso, matan garin suka sa masa Ɗan Duƙushi, kuma kowa daga mai gari har direbobin kasuwa da wannan suna ya san shi. Ranar da ya tsaya kina lakwal. Na buɗe rumbun, na ga ɗan akwatin nan da ake rubutu a ciki, na gyara zama, na rubuta Ɗan Duƙushi da haruffa masu kyau. Wallahi har da ƙugiyar ɗ na nemo na sa. Rumbu ya ce bai san shi ba. Na ce to, watakila bai jin Hausa, sai na rubuta da faransancina: famfo mai shuɗin kai. Nan kuwa ya buɗe mini baki, takardu suka zubo ba iyaka, har da famfon tafkin wankan Turawa da na wanke mota. Na rufe salula na ce wannan abu ƙarya ce tsagwaronta. Da kika dawo kika tambaye ni lambar da ke jikin farantin injin, kika buga ta, takarda ta fito kafin shayina ya huce. Na yi kamar ban gani ba.

To ki riƙe wannan. Rumbu bai san sunan da muka raɗa wa inji ba, sunan da masu ƙera shi suka buga a ɗan farantin ƙarfen da ke jikinsa kaɗai ya sani. Kafin ki taɓa salula, ki taɓa farantin. A ƙasarmu yashi da rana sukan cinye fentin har ba a ganin komai, amma lambobin a dake suke cikin ƙarfe, ba sa gogewa. Ki ɗora farar takarda a kai, ki goga gawayi a hankali, za su fito fes. Wannan dabara tawa ce, ba a rumbu na samo ta ba, kuma na ba ki ita kyauta. In kika buga lambar duka bai ba ki komai ba, kada ki yi fushi irin nawa. Ki yanke wutsiyar lambar, ki bar farkonta, zai nuna miki danginta, sai ki bi su ɗaya bayan ɗaya har ki kai ga naki. Haka nan a lakwal, in za ki yi wa malami tambaya, ki kira abu da sunansa. “Abin nan ya ƙi” ba tambaya ba ce.

Na biyu ɗan ƙarami ne, amma innarki har yau tana tsokanata da shi. Wata rana na yi sa'a na buɗe littafin wani akwati da kaina. Ina neman ma'anar lamba ɗaya tak da ya nuna. Littafin kuwa shafi ne bisa shafi, da harsuna kala-kala, har da masu rubutu kamar sawun kaji. Na zauna gindin dogon yaron ƙofar gida ina ja da ɗan yatsa, ina ja, ina ja, tun bayan azahar har inuwa ta juya ta bar ni a rana. Innarki ta leƙo ta ce, “Malam, mi kaka shahwa haka tun ɗazu, sai ka ce mai lallashin kyanwa?”

Na ce, “Aiki nika yi, mace.”

Ta ce, “To in ka gama lallashinta ka taho ka ci abinci, ya huce.”

Sai daga baya na lura da ke, na ga kina taɓa ɗan hoton nan na sama mai kama da ludayi, ki rubuta lambar, littafin ya kai ki shafin da kansa. Na san kin ce madubin ƙara girma ne, amma ni dai ludayi nake gani, kuma aikinsa ma na ludayi ne, ya nutsa ya ɗebo maka abin da kake so. Ashe ludayin biyu ne: ɗaya na neman littafi a cikin rumbu, ɗaya na neman kalma a cikin littafi. Kuma a farkon kowane littafi akwai shafin da ya jera abin da ke ciki da inda yake, wanda ni nake tsallakewa don ba shi da hoto. Uwata, wahala ba ita ce aiki ba. Na yi gumi rabin yini a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware. In kika ga kina shan wuya fiye da kima a kan abu, ki ɗaga kai ki dubi yadda na kusa da ke yake yi, ki tambaye shi.

Yanzu ga babban, wanda ya fi yi mini nauyi a baki. Kin tuna bazarar da kike jarrabawa, aka kira ni Bader Goula? Famfon makiyaya ne ya tsaya, iska ta fizge wayoyin akwatin ta watsar. Na ce ba zan dame ki ba, kuma a raina ina so in dawo in ce miki, “Kin gani? Babanki ma ya iya.” Aka karanto mini lambar a salula, na buga ta, takardu huɗu suka fito masu suna kusan iri ɗaya. Na ɗauki ta sama, na sauke ta cikin salula don na san can babu rezo, salula ba ta kamawa, na hau moto ina jin kaina kamar injiniya.

Na isa na tarar da shanu sun kewaye komayen shan ruwa, babu ko ɗigo. Shugaban makiyayan wurin, Arɗo Maude, dattijo ne dogo mai magana a hankali. Ya tarbe ni da ƙwaryar nono, ya ce, “Sannu da zuwa, Malam Isuhu. Tun jiya muka zuba ido.” Na buɗe hoton wayoyi, na ɗaura ja nan, baƙi can, kamar yadda takarda ta nuna. Na lura a hoton ramukan waya shida ne, a akwatin da ke gabana kuwa takwas. Na lura sarai. Amma na ce wa kaina ai masu zane ne suka yi ragwanci. Na tayar da akwati. Ya yi ƙaf, wani ɗan wari ya tashi, fitilar da ke ja ma ta mutu gaba ɗaya.

Arɗo ya matso ya leƙa, ya ce, “Ya tashi?”

Na ce, “Takardar ce ta nuna haka.”

Ya ce, “To. Su dai shanun ga ba su san takarda ba, ruwa suka sani.” Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya juya ya ce a ɗaura wa raƙumi igiya a koma tsohuwar rijiya. Kin san zurfin rijiyoyin can. Raƙumi sai ya yi tafiya mai nisa kafin guga ɗaya ya fito, ga garke ba iyaka yana jira. Na tsaya ina kallon mata da tsofaffi suna jan ruwa cikin rana saboda ni, maruƙa suna kuka. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na ce masa ina buƙatar rezo. Ya ce akwai, amma sai an je tudu. Ashe makiyayan suna da wani tudun yashi mai aduwa guda a kansa, can kaɗai rezo ke sauka, har sun ɗaura tsumma a reshen da ya fi kamawa. Moto ba ta hawa yashin, sai aka ɗora ni a raƙumi. Uwata, babanki da ya shekara hamsin da ɗoriya a Dakoro bai taɓa hawa raƙumi ba sai ranar. Da ya miƙe da ƙafafun baya na rungume wuyansa ina salati, makiyaya suna ta dariya har da riƙe ciki. A gindin aduwar nan, hannu ɗaya a sama, na kira ki.

Kin tuna abin da na ce miki? Na ce ɓera ya ci wayoyi, ki nemo mini hoto. Ƙarya na yi miki. Babu ɓeran da ya taɓa akwatin nan, ni ne ɓeran. Ke kuwa kika fita daga bitar jarrabawa, kika ce in sake karanto miki lambar har ƙarshe. A ƙarshenta akwai wani ɗan harafi guda da na raina. Kika ce, “Baba, wannan sabon ƙira ne, takardarsa ita ce ta uku.” Ashe ta saman da na ɗauka ta tsohon ƙira ce, an canza wurin wayoyi tun tuni. Kika turo mini ta gaskiya. Allah Ya taimake ni ɗan fizibil ne kawai ya ƙone, abin nan da ke mutuwa don ya kare sauran, kuma ina da wani a jaka. Ruwa bai zubo ba sai washegari da hantsi, da rana ta hau kan panno, faifan nan mai ɗaukar hasken rana. Na dawo gida kika ce, “Sannu Baba, ɓerayen daji ba su da kirki,” na ce wallahi kuwa. Ki yafe mini.

Abin da na koya a tudun nan ga shi. Takardar da ta fito a sama ba don ta fi gaskiya ta hau sama ba. Ki buɗe shafin farko, ki duba shekarar da aka fitar da ita da irin ƙirar da take magana a kai. Sannan ki ɗora hoton kusa da injin, ki ƙirga ramuka, ki ƙirga kusoshi. In takarda ta ce shida idonki ya ce takwas, idonki ne mai gaskiya, takardar ta wani inji ce. In za ki shiga daji, ki sauke dangin duka tun kina gari, kada ki tafi da ɗaya. Kuma in kin yi kuskure, ki faɗe shi da bakinki tun da zafinsa. Ni na ɓoye nawa, shi ya sa kika ɗauka ban taɓa gwadawa ba, shi ya sa yau kike ganin in kin tafi na mutu. Da na gaya miki gaskiya a lokacin, da kin zaunar da ni kin koya mini, da an wuce wurin.

Akwai kuma ranar da na tsallake shafin nan mai alamar rawaya mai kusurwa uku, don rubutu ya yi yawa, na kama wayar panno da tsakar rana. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ni ya zaunar da ni cikin taɓon bakin famfo, gaban matan unguwa guda. Wata tsohuwa ta ce, “Malam, wanka za ka yi? Bari mu kauce.” Wannan ba sai na yi dogon bayani ba. Ke da za ki yi aiki da wutar da ta fi wannan ƙarfi, shafin gargaɗi shi za ki fara karantawa, ko da malami bai ce ba. Ina so ki dawo mini da yatsunki goma.

Tun daga Bader Goula na sayi kaye, littafin rubutu irin na yaran lakwal. Ba ki taɓa ganinsa ba don ina ɓoye shi ƙarƙashin sirdin moto. Duk lokacin da kike nema ina zaune gefe kamar mai gyangyaɗi, idona na kan yatsanki. In kin tashi sai in rubuta hanyar da kika bi, yadda makiyayi ke kwatanta hanyar rijiya: ka shiga ta ƙofar masu ƙera inji, ka bi ta famfunan rana, ka wuce na cikin gida, ka sauka kan akwatuna, ka dubi shekara. Kowane foraj da shafinsa, da lambarsa, da sunan da mutanen garin ke kiransa, da takardar da ta dace da shi. Na yi haka ne don sau biyu ina dacewa da takarda mai kyau bisa sa'a, washegari in neme ta in rasa ta inda na shiga. Ke ma ki yi kaye. Abin da kika samo yau ba ki rubuta hanyarsa ba, gobe sabon nema ne.

To, ga dalilin da ya sa na ce ki saurare ni har ƙarshe.

Jiya Talata, kwana ɗaya bayan innarki ta fasa mini ƙwai, aka kira ni daga Korahane. Inna Delu ce, shugabar matan da ke kula da famfon garin, mace mai murya kamar tana kiran wani a gona. Ta ce, “Malam Isuhu, famfo ya ƙiya tun jiya. Jar wuta yaka yi, da wata lamba. Shato babu ko ɗigo, mata na ta zuwa tabki. Ka taho da ɗiyar taka mai karatu.” Shato kin sani, babban tankin nan na sama.

Na ce ina zuwa. Na kashe, sai na ga yatsana ya tafi kan sunanki da kansa. Na dube shi, na ce yau dai a'a. Na sa salula a aljihu, na ɗauki kaye da gawayi da farar takarda.

Wannan akwatin sabo ne a wurina, ba ya cikin kayena, kuma yashi ya riga ya cinye farantinsa. Na ɗora takarda na goga gawayi, mata sun kewaye ni suna kallo, wata tana cewa yau kuma rubutun sha za a yi wa famfo. Lambar ta fito har da ɗan harafin ƙarshe. A bakin famfo babu rezo, aka ce sai jikin katangar lakwal. Na je na jingina. Na buga lambar duka, rumbu ya ce babu. Sai na tuna, na yanke wutsiya na sake bugawa. Takardu uku suka fito. Hannuna ya so ta sama, na hana shi. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na duba shekara, na sauke duka ukun, na koma bakin akwati na ƙirga ramuka. Ta biyu ce. Na taɓa ludayi, na rubuta lambar da akwatin ke nunawa, ya kai ni shafin kai tsaye.

A nan na ci karo da kalmar faransanci da ban taɓa ji ba. Da can sai in yi mata fassarar son rai in wuce. Jiya kuwa na cire hula, na yi sallama a ƙofar aji, na ce wa malamar da ke ciki, yarinya ce da ba ta fi ki da yawa ba, “Madam, don Allah ki taimaki tsoho da kalma guda.” Ta karanta ta ce, “Baba, cewa ya yi tanki ya cika, shi ya sa ya tsai da kansa. Kalmar ga sunan abin da ke yawo bisa ruwa ne, mai gaya mishi ya cika.” Na yi mata godiya, kuma ban ji ko ɗan ciwo a jikina ba don na tambaya.

Tanki ya cika, alhali babu ko ɗigo? Na hau tsanin shato ina haki, na buɗe murfi. Uwata, zanzaro ne. Ya zo ya gina ɗakinsa na laka daidai kan hannun ƙwallon nan mai yawo, ya liƙe shi a sama, akwati kuma yana can ƙasa ya yarda tanki cike yake. Ban kwance waya ko ɗaya ba. Da tsinke na gyara famfon Korahane. Na fasa ginin, ƙwallo ya faɗi, kafin in sauko ƙasa na ji bututu yana gurnani. Da irin halina na da ne, da na wargaza akwatin nan duka ina neman ciwon da ba shi da shi.

Ruwa ya zubo, mata suka yi ta turereniya da bokitai. Inna Delu ta zo ta tsaya gabana, ta riƙe ƙugu, ta ce, “To Malam, ina ɗiyar taka? Yau wa ya karanta maka?”

Na ce, “Ni na karanta.”

Ta ce, “Kai? Ita fa?”

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, “Ta tahi Yamai karatu. Injiniya za ta zama.”

Sai Inna Delu ta juya ta shelanta wa duk bakin famfo da muryar nan tata. Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa. Wata tsohuwa ta ajiye tulunta ta ɗaga hannu ta yi miki addu'a da sunanki, kowa ya shafa. Suka ce in kin dawo ke za ki riƙa duba musu famfo, don ni na tsufa da hawan shato. Na hau moto ina dariya, amma sai da na tsaya a hanya na goge idona, kuma ba ƙura ba ce.

Na sa miki takardar gawayin a cikin wannan wasiƙa. Ki buga lambar da kanki ki gani ko ta biyu ce, na san sai kin duba. Ba na ce na zama gwani ba. Zan yi jinkiri, zan yi kuskure, wata rana ma zan kira ki daga kan wani tudun, amma wannan karon in ni ne ɓeran zan faɗa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne in ga kin dawo Dakoro kin zauna kina riƙe wa tsoho salula.

Sau ɗaya na yi miki ƙarya, ga shi na furta na nemi gafara. Jiya kuma na gaya wa matan Korahane kaf cewa kin tafi Yamai, sun yi guɗa, sun shafa fatiha. Yau Laraba, kina Maradi, maganata ba ta zama gaskiya ba tukuna. Ranar Asabar ke za ki mayar da ita gaskiya. Kada ki bar babanki da ƙarya ta biyu, Uwata. Ki hau motar.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokai na gari. Allah Ya buɗe miki abin da ya rufu, Ya kare hannunki daga wuta, Ya dawo mana da ke da ilimi mai amfani. Ki riƙe salla, ki riƙa kiran innarki ko ba ki da labari, ita tana da shi. Ki gaida gwaggonki, ki ce na gode da riƙo.

Wassalam.

Ni ne babanki mai sa miki albarka,
Isufu mai gyaran famfo, Dakoro.